A Maido Mana Da Awar Kallon Ganye

Zuwa ga Mai girma Sufeton makarantun firamare na Zinder,

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne malamin nan na wata lakwal a Birni wanda ka tarar bara ya baza ganyaye a kan tebur, yara suna zanawa. Ka ce wasa ne, ka soke awar ta ranar Alhamis, ka mayar da ita ta dikte, wato shifta, saboda jarrabawa. Na ji tsoron aikina, na bi. Yau ina jin kunyar wannan biyayya.

Na ɗaya. Yaran nan 'ya'yan dukawa ne da 'yan kasuwa, ba su tashi da cin ganyen daji ba. Farin nan ne ya kora su hanyar Mirriya neman tafasa. A awar da ka soke nake sa su duba abu har su gan shi sosai: bakin ganyen tafasa a zagaye yake, na rai-ɗore kuwa da tsini. Wanda ya zana su da hannunsa ba ya sake rikita su.

Na biyu. Akwai wata ɗaliba a ajina, Hadiza, da ta zo bayan an soke awar. Da damina, uwarta tana layin rabon hatsi, Hadiza ta fita ta tsinko rai-ɗore mai guba, ganye da 'ya'ya, tana zaton tafasa ce, ta dafa wa ƙanwarta wadda yunwa ta riga ta ƙarar. Kwana uku aka yi, muka kai ƙanwar makabarta. A makon nan ɗin Hadiza ta yi dikte ba kuskure ko ɗaya, ni na duba da hannuna.

Na uku. Ba na ƙin dikte, ranka ya daɗe. Amma mun koya wa yara ganin ɗigo a kan harafi, mun bar su ba sa ganin abin da suke kaiwa baki.

Roƙona ka maido da awar kafin ruwan fari, don yunwar ba ta tafi ba, ganyen kuma zai sake fitowa. In ba ka amsa ba, ranar Alhamis zan baza ganyayena. In za ka zo korata, kujerar Hadiza tana layin gaba, ka zauna kusa da ita tukuna.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya jiƙan yarinyar, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lakwal a Birni