Ruwan Wankan Baba

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau.

Hitar da kika aiko wa Baba an kafa ta a banɗakinsa. Da na gan ta sai da na yi dariya, ƴar ƙarama ce kamar akwatin magani, ba tanki ba komai. Mai gyaran wuta ya ce ba ta ajiye ruwa, tana ɗumama shi ne yayin da yake ratsa ta, kina buɗe famfo ta kama, kina rufewa ta mutu. Ya ja mata wayarta daban mai kauri, wai tana jan wuta sosai.

Sai dai kin san Babanmu. Kullum ƙorafi yake, wai kwalliya ce kawai, ruwan ko ɗumi ba ya yi. Zan sake kiran mai gyaran ya duba.

Ki gaishe min da kowa.

Taki,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Mai gyaran ya zo jiya da hantsi. Ya ce wa Baba ya nuna masa yadda yake yi. Baba ya murɗa hitar har ƙarshe, ya buɗe famfon ɗan siriri, don kin san ba ya son ɓarnar ruwa. Ashe in ruwan ya yi ƙaranci a cikinta, zafinsa ƙaruwa yake. Nan take tururi ya rufe madubi. Mai gyaran ya kai yatsa, ya fizge yana salati. Shi kuwa Baba ya tara hannunsa a ƙarƙashi, ya bar shi, ya juyo yana kallona ya ce, "Kin gani ko, Auta? Ina zafin yake?"

Yaya, ina kallo fatarsa ta yi ja, shi ko gezau. Ban san lokacin da na janye shi ba. Na sa ya cire safa. Ƙafafunsa duk bororo, wasu sun fashe, ɗaya har ya fara ruwa. A bokiti yake tara ruwan ya tsoma su kowace safiya.

Muka wuce asibiti. Likita ta ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. An wanke, an ɗaure, an ba shi magani. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da maganar yanke yatsa ake. Mai gyaran ya daidaita zafin, ni kuma na koma gidan Baba da zama, ni ke taɓa ruwan kafin ya shiga.

A hanyar dawowa daga asibiti na tambayi Baba ko bai lura da komai ba. Sai ya ce in ya riƙe hannun ƴata, jikarsa, za su tsallaka titi, sai ya riƙa waiwayawa, don ba ya jin ko tana nan.

Ya ce kada in tayar miki da hankali. Ki zo, Yaya. Ki zo da yaran.

Ƙanwarki,
Auta