Layin Tumatirin Ridwanu

Agege, Fabrairu 2002

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin naki, yaya haƙuri? Yaya Tani da goyonta?

Inna, har yau ban ga ƙanena Ridwanu ba. Ranar Lahadin da bama-bamai suka tashi a barikin Ikeja, ogan gonar da muke aiki ya aike shi can sayen taki. Jama'a suka yi ta gudu har suka faɗa wani kududdufi da kainuwa ta lulluɓe, sun zaci fili ne. Na tsaya a bakin ruwan ana tsamo mutane, na duba fuska bayan fuska, ba shi. Asibitoci ma na zaga. Don Allah kada Tani ta shiga takaba tukuna. Ni ban ga gawar mijinta ba.

Na koma aiki, amma ba daɗi. Kin san na gaya miki tumatirin nan ba a ƙasa muke shuka shi ba, a cikin bututun roba yake, inji na tura masa ruwa mai taki. Kullum sai na ɗaga kowane tushe na duba saiwarsa. Da can dariya abin yake ba mu. Yanzu in na ɗago saiwar nan fara fat tana ɗigar ruwa, sai in tuna saiwar kainuwa da na gani manne a rigunan mutanen da aka tsamo. Layin da Ridwanu yake kula da shi na hana kowa taɓawa. Wani lokaci sai in ji kamar takunsa a bayan ganye.

Ɗanki,
Audi

Agege, Afrilu 2002

Inna,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Shekaranjiya aka ɗauke wuta tun hantsi, janareta ya ƙi tashi, ruwa ya tsaya. Shukar ƙasa tana jure ƙishi, wannan kuwa kafin azahar ta langwaɓe. A da duk sanda haka ta faru, ko Ridwanu yana can nesa a unguwar Mile 2 sai ya hau okada ya iso da bokiti, yana yi mana faɗa. Ya taɓa barin tuwo a gabansa saboda haka.

Na ba sauran layuka ruwa, na bar nasa. Na zauna ina kallon ƙofa, wallahi da zuciya ɗaya nake jiransa. Ganye ya yi laushi, 'ya'yan suka soma zuba, aka kira la'asar, aka kira magariba. Ba wanda ya shigo. Na yi kuka irin wanda ban yi a bakin ruwa ba.

Inna, da yana numfashi a garin nan, da ya zo. Ki gaya wa Liman a yi masa salla. Tani kuma ta shiga takaba, ki ce mata ni na ce.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Ɗanki,
Audi