Na Manna Sabon Kwanan Wata a Kan Tsohon Zanen Gini

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Duk zagin da za a yi mini, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Shekarata hamsin. Na yi jami'a, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina da shagon buga takardu a bakin Sabo ta wajen Mokola, a nan Ibadan. Babban aikina shi ne fitar da zanen gini a kan manyan takardu, irin waɗanda magina ke shimfiɗawa a wurin aiki. Duk tsawon shekarun nan na yi imani cewa mai buga zane ba shi da kaso a alhakin gini. Injiniya ya zana, magini ya ɗora bulo, ni kuwa takarda ce kawai ke bi ta hannuna ta wuce. Haka na ɗauka.

Sana'ar ta daɗe tana tsukewa. Injiniyoyin yanzu a waya suke tura zane, a waya ake dubawa. Abin da ya rage mana shi ne masu ɗora bene a kan tsofaffin gidaje, tunda fili ya ƙare a Sabo, kowa sama ya nufa. Ana cikin haka kamfanin da ya ƙera babban injina ya saɓa da dillalan tawada na Legas. Kamfanin ya sa injin ya daina karɓar kowace tawada sai tasa, su kuma dillalan suka daina shigo da ita. Rikicin ya raba ƙungiyarmu gida biyu. Wasu suka kai injinansu aka kwance musu kullen, suka koma amfani da tawadar ɗuri. Ni kuwa na miƙe a gaban taro, da turancina na jami'a, na kira su maha'inta. Wanda na fi nuna wa yatsa wani abokin sana'a ne, Bayarabe mai shago a Mokola. Bayan mako biyu tawadata ta ƙare, injin ya tsaya cik. Na lulluɓe shi da tampol, ban gaya wa kowa ba.

A lokacin ne kwamitin wata Islamiyya ta unguwarmu ke ɗora bene domin ajin matan aure. Tun injin yana aiki na buga musu zanen farko, kwafi ɗaya ya rage a shagona. Injiniyan, matashi haifaffen Sabo da ya yi zanen saboda Allah, ya samu aiki a Fatakwal ya tafi. Daga can ya kira ni: "Kawu, na turo gyararren zane. A buga shafin rodi a ba Baba birkila kafin Asabar, ranar za su ɗaure ƙarfe. Abeg, don Allah kada a yi aiki da tsohon." Na ce, "In sha Allahu."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shugaban kwamitin, wanda zan kira Alhaji, ya leƙo shagon. "Malam ɗan boko, ina takardarmu? Ko sai mun rubuto maka da turanci?" Na yi dariya, na ce ya ba ni awa ɗaya. Shagon mutumin da na zaga tafiyar minti biyar ne a keke. Me ya hana ni zuwa? Na san zai buga mini, na san ma ba zai ce komai ba, kuma shirun nasa ne na kasa tunanin jurewa. Sai na buɗe sabon zanen a kwamfuta, na shimfiɗa tsohon a tebur, na ga layukan sun yi kama, na ce wa kaina gyaran ɗan kaɗan ne. Ƙananan rubuce-rubucen ban karanta ba. Ba hanzari ne ya hana ni ba, ba na so ne in gani.

Kowane zanen gini yana da ɗan akwati a kusurwar ƙasa, inda ake rubuta kwanan wata da lambar gyara. Magina nan kawai suke dubawa su gane wanne ne sabo. Na buga akwatin sabon zanen a ƙaramar firinta, na yanke da reza, na manna a kusurwar tsohon, na goge da bayan rula har ya kwanta. Cikin natsuwa na yi aikin, kuma wannan ne ya fi tsorata ni yanzu.

Tare da Alhaji muka kai. Baba birkila, dattijon Bayarabe mai kaffa-kaffa da aikinsa, ya dubi kusurwa, ya dubi tsakiya, ya ɗago. "Malam, me ya canja? Ni na ga kamar ɗaya ne." Allah ya ba ni dama ta biyu ta bakin wannan bawan Allah. Na ce, "Ɗan rubutu ne kawai, Baba."

Bayan mako uku tawada ta samu. Abu na farko da na buga shi ne shafin nan, na ajiye shi gefen hoton tsohon zanen da ke cikin kwamfutata. A dogon kankaren da ke ɗauke da benen, wanda magina ke kira bim, tsohon zane ya ce rodi huɗu, sabon ya ce shida, kuma masu kauri. A gefe injiniyan ya rubuta cewa bangon tsakiya na ƙasa ba zai taimaka wajen ɗaukar nauyi ba. A lokacin an riga an zuba kankare, ƙarfen ya rufu, ba mai sake ganinsa. Ranar walimar buɗewa injiniyan ya zo, ya rungume ni, Alhaji ya ambaci sunana a lasifika, jama'a suka ce amin.

Matata na cikin waɗanda suka fara ajin. A watan da ya biyo baya na shiga ƙasan benen na ga siririyar tsaga a jikin bim ɗin. Baba birkila ya ce filasta ce kawai ta ja. Wataƙila gaskiyarsa ce, ni ba injiniya ba ne, wataƙila ginin zai yi shekara hamsin nan gaba lafiya lau. Amma da na koma gida na ce mata ta dakata da zuwa. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Baban Fatima, shekara nawa kana cewa in koma karatu? Yanzu da na kama izu na biyu za ka cire ni? Me aka ce na yi?" Na ce hawan matakala bai dace da gwiwarta ba. Ta dube ni ta ce, "To."

Idan na yi magana za a rufe makarantar, wataƙila a fasa benen da mata suka gina da ribar awara da kunun da suke sayarwa a gida. A Sabo kuwa kowa ya san gidan kowa. Ina zan sa fuskata, ina 'ya'yana za su sa tasu? Idan na yi shiru wani abu ya faru, Baba birkila za a kama, ko yaron da ya yi aikin saboda Allah, alhali kowannensu ya yi nasa daidai. Shin in kira injiniyan shi kaɗai? Ko in fara da Alhaji? Akwai hanyar da za a ƙarfafa ginin ba tare da an rushe ba?

Zanen gaskiyar yana naɗe a bayan injina. Wata uku ke nan matata ba ta hau benen ba. Matan sauran mutane suna hawa kowace Asabar da Lahadi.

Me zan yi?