Garantin Motata da Dakatar da Fo Komlan

Zuwa ga Mai girma Darakta,
Kamfanin sayar da manyan motoci na hannu da gyaransu,
Hanyar Tashar Jirgin Ruwa, Lome.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, kasuwa kuma tana tafiya. Sunana Hajiya Hassana, ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, ina zaune a Zongo. Idan sunan bai tuna maka komai ba, ni ce mai baƙar motar nan ƙirar Jamus, wadda kuka saya a hannun wani Bature da ya gama aiki ya koma ƙasarsu, kuka sayar mini a daminar bara. Ni nake faɗa, 'yata Mariyama malamar makaranta take rubutawa, ita ce kuma za ta juya maka ita zuwa Faransanci. Ranar da wasiƙar ta iso teburinka za a karanta ta a Zongo bayan sallar Juma'a, domin mutanen da za su saurara suna da rabo a cikin maganar.

Maganata a kan Fo Komlan ce, shugaban makanikan garejinku. Sati uku ke nan da kuka dakatar da shi daga aiki saboda ya gyara motata a kan garanti. An gaya mini a ƙarshen wata za ka yanke hukunci, ko ya dawo ko a sallame shi gaba ɗaya. Kafin ka yanke, ga abin da na gani da idona.

1. Zan fara da yabo, don kun cancanta. Motar da kuka sayar mini mota ce. Ƙofarta idan ta rufe ba ka jin hayaniyar titi, ramukan hanyarmu kuma tana shanye su ba tare da ta girgiza wa tsoho baya ba. Shekara ashirin ina kallon matan ƙabilar Mina, abokan kasuwata, suna sauka daga irinta ni ina sauka daga tasi, har Allah ya kawo tawa ranar. Ranar ciniki ɗan kasuwarku ya ce garantin wata uku kyauta ne, amma idan na ƙara kuɗi za a ƙara mini shekara guda. Kuɗin ya kai na turmi shida na atamfa mai kyau. Ƙanena Sani, wanda yake tuƙa ni, ya ce asara ce, wai ko jaki ba a saya da alkawarin ba zai yi ciwo ba, balle tsohuwar mota. Ni kuwa na san kayan babbar mota sai jirgin ruwa ya kawo su, kuma ƙarfe ɗaya yana iya cinye ribar wata biyu. Na biya, na sa hannu. Ban ba Mariyama ta karanta mini takardar ba, wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

2. Akwai abin da ofishinku bai sani ba game da mota a Zongo. Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kawo mu nan arewa, asibiti ya yi mana nisa, tasi kuma ba ya shigowa sai ya ga dama. Ba ƙorafi nake ba, hukuma ta san dalilinta. Amma a unguwa irin tamu, wanda Allah ya hore wa mota ba ya sa makulli a aljihu. Nawa yana rataye a jikin ƙusa a zaure. Duk mai lasin da lalura ta same shi, ko ta sami maƙwabcinsa, zai yi sallama ya ɗauka, ina gida ko ba na gida. Haka mahaifina ya yi da kekensa, haka duk mai mota a layinmu yake yi. Motar nan ta kai marasa lafiya, ta ɗauko alhazai daga filin jirgi, ta kai liman gaisuwar rasuwa. Ranar da 'yan jam'iyya suka aiko a ba su ita don tarbar baƙi ma direbansu ne ya ja, ban kuwa ji wani daga kamfaninku ya je ya nuna musu takardar garanti ba.

3. Wata Talata da hantsi, ina kasuwa, Sani kuma ya tafi Sokode biki, wuƙa ta zame wa maƙwabcinmu Sa'idu mahauci ta yanke masa jijiyar hannu. Jini ya ƙi tsayawa. Malam Idi, direban tirela da ya yi shekaru yana jan kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai, yana gida a ranar. Ya ɗauki makulli a ƙusa ya kai Sa'idu asibiti. Motar ba ta ba shi kunya ba, ta kai su lafiya, likita ya ɗinke hannun. A hanyar dawowa, daidai unguwar Cacavéli, ta ƙi canza gudu, ta yi ta gurnani, ta tsaya. Giyabos ne ya mutu, abin da ku a gareji kuke kira buwat. Sa'idu yana nan da hannunsa, jiya ma shi ya sayar mini da nama.

4. Washegari na zo ofishinku da takardata, zuciyata kwance. Akawunku ya tambayi wanda yake tuƙi, na ce Malam Idi. Sai ya juya takardar ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin rubutu a baya, ya ce sunaye biyu kaɗai aka rubuta, nawa da na Sani, idan wani hannu ya ja motar garanti ya faɗi. Da ya ga na yi tsuru, sai ya rage murya ya ce ai bai rubuta komai ba tukuna, in ce Sani ne kawai, magana ta ƙare. Ba zan faɗi sunansa ba, tausayi ne ya sa shi. Abin da zan faɗa a gaban jama'a shi ne nawa: na buɗe baki zan ce Sani ne. Na riga na lissafa kuɗin giyabos a raina, na ga ba ni da su.

Fo Komlan yana tsaye a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Ya iya Hausa, a Kumasi ya koyi aiki a hannun Bahaushe, kuma irin Hausar can ce da ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Hajiya, ka je Makka ka dawo. Kar ka ɓata bakinka don ƙarfe. Bari in buɗe in gani tukuna." Ranka ya daɗe, mutumin nan Kirista ne, ranar Lahadi yana waƙa a cocinsu, shi ne ya tuna mini da Makka. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na ce wa akawu ya rubuta Malam Idi.

5. Kwana biyu ya yi a kan motar, ni kuma na bar shago na zauna a benci ina kallo, don hankalina ya ƙi kwanciya. Ban san aikin makanikai ba, amma na san mutumin da ya san aikinsa, kamar yadda nake gane atamfa ta gaske da taɓawa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, duk abin da ya cire ya jera shi bi da bi. Ya zuba man giyabos a tafin hannu ya shinshina, ya murza, ya nuna mini ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Ya ce wannan cin ba na kwana ɗaya ba ne, ya fi shekara yana ci, tun motar tana hannun Baturen. Ya kira Malam Idi ya yi masa tambayoyi, ya ce tuƙinsa ba shi da laifi, ko shugaban kamfanin da ya ƙera motar ne a kan sitiyari a Cacavéli za ta tsaya.

Sannan ya rubuta rahotonsa, Mariyama ta karanta mini kwafin da ya ba ni. Ya rubuta cewa wanda ba ya cikin takarda ne yake tuƙi, bai ɓoye ba. Ya rubuta cewa ciwon giyabos ɗin daɗaɗɗe ne. Ya rubuta cewa kamata ya yi a gano shi lokacin da aka duba motar kafin a sayar mini, kuma shi da kansa ne ya sa hannu a kan wancan binciken, don haka kuskuren nasa ne. Babu wanda ya tambaye shi wannan na ƙarshen. Da ya yi shiru har abada ba wanda zai sani. Ya sa giyabos daga ma'ajiyarku, ya gwada motar har Agoè-Assiyéyé ya dawo, ya miƙa mini makulli. Na ƙulle masa ɗan abin goro a gefen mayafi, ya ƙi karɓa, ya ce na riga na biya tun bara.

6. Na san abin da za ka ce, kuma ban ce ba ka da hujja ba. Ka'ida ka'ida ce. Ni ma a shagona idan yarinya ta yanka turmi ba da izinina ba ba na dariya. Na kuma san dalilin sharaɗin nan, akwai masu ba ɗan koyo mota ya farfasa su dawo su ce garanti. An ce laifinsa shi ne bai jira sa hannunka ba, kana tafiya a lokacin. To, a ja masa kunne a kan wannan. Amma ka duba abin da ya faru a ofishinka a safiya ɗaya. Da na ce Sani ne, da an gyara motar, takardu sun yi daidai, kowa yana kan aikinsa. Da aka faɗi gaskiya, sai ga mutum mai 'ya'ya biyar yana zaune a gida sati uku. Makanikanka suna kallo, akawunka yana kallo, masu sayen motocinka a Zongo ma suna kallo. Wannan ne ya tsaya mini a rai, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

7. Tun da motar ta dawo, mutum uku sun zo har gida suna tambayata ko ƙarin garantin nan ya cancanci kuɗinsa. Biyu dillalan shanu ne, ɗaya mai fitar da kaya ne a tashar jirgin ruwa, dukansu suna zawarcin motocin da ke farfajiyarku. Har Sani da ya yi mini dariya ya sauke murya. Kafin in ji labarin dakatarwar na ce musu su saya, kada su yi jinkiri, tsohuwar babbar mota ba ta da tabbas, kuma rana ɗaya ta mayar mini da abin da na biya har da ƙari. Yanzu kuwa cewa nake su dakata. Na gane takardar ba ta buɗe inji, ba ta shinshina mai, ba ta hana mutum ƙarya. Abin da na saya da turmi shida, ashe, shi ne Fo Komlan yana tsaye a bakin ƙofar nan. Na gaya musu su leƙa gareji a farkon wata. Idan sun gan shi, su biya.

Don haka ina roƙonka abu uku.

Na farko, a karanta wa duk mai saye sharuɗɗan takardar da bakin da yake ji, Hausa ko Mina, kafin ya sa hannu, har da ƙaramin rubutun da ke baya.

Na biyu, a sassauta sharaɗin direba. A ce duk mai lasin da mai mota ya yarda da shi, sannan makaniki ya duba ko tuƙi ne ya kawo ɓarnar. Makullina dai ba zai sauka daga ƙusa ba, gara ku sani tun yanzu.

Na uku, shi ne babba, a mayar da Fo Komlan bakin aikinsa da matsayinsa. Idan kuwa dole sai kamfani ya fanshe giyabos ɗinsa, to a jikin motata yake, ba a jikinsa ba. Ranar Litinin da safe Sani zai kawo ta ƙofarku, ni ma ina ciki. Ku kwance abinku ku mayar ma'ajiya, ku riƙe sauran watannin garantin, motar ta zauna a kan duwatsu har in tara kuɗin wani. Na shiga tasi shekara ashirin, ban manta yadda ake tsayar da shi ba. Na faɗa wa maƙwabtana, don su ne za su rasa motar asibiti, Sa'idu ne ya fara cewa a kai ta. Ba zan iya jingina a kujerar nan mai laushi in wuce ta ƙofar gidan mutumin da ya rasa abincinsa saboda ya hana ni ƙarya ba.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya kare motocinka a kan hanya, ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Allah ya ba ka ma'aikatan da za su rubuta maka gaskiya ko da a kansu za ta faɗa. Ka riga ka sami guda ɗaya, yana zaune a gidansa a Agoè yana jiran ƙarshen wata.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Hajiya Hassana mai atamfa,
Zongo, Lome.