Ragon Baba Luka

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da mutanen Gyadi-Gyadi? Lafiyata ƙalau a Landan, sai ɗan kumburin ƙafa, wataƙila tsayuwar tiyata ce.

Kin ce Baba Luka na Tarauni ya kawo rago don in yi wa ɗansa dashen ƙoda idan na zo Kirsimeti. Ki mayar masa. Kyauta nake yi, kamar kowace shekara. Ƙodar ce ba ni da ita, sai wani ɗan'uwan yaron ya bayar. Idan suna tsoro, ki nuna musu tabonki, ki ce tawa ce a jikinki, ga mu duka da rai. Zancen ƙafar kuwa ya tsaya tsakaninmu.

Ki riƙa shan maganinki. Allah ya tsare.

Ƙaninki,
Nathaniel