Rasuwar Baba Magudana, da Ramin da Ya Bari Rabi

Cikin alhini da gajiyar zuciya, Ƙungiyar Mazauna Sabbin Gidaje ta samu labarin rasuwar dattijonta, mai girma Shugaban Kwamitin Magudanan Ruwa, Alhaji Injiniya mai ritaya, wanda yara da manya ke kira Baba Magudana, bayan zazzaɓin da ya kama shi a bakin aikin haƙar hanyar ruwa a ƙarshen Layin Ƙasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tun da aka tare a gidajen nan marigayin bai huta ba, mu ma bai bar mu mun huta ba. Shi ne ya tsaya kai da fata har kamfanin da ya gina su ya haƙura da yanka filin kwari fuloti-fuloti, aka bar shi da ciyawarsa yana shanye ruwan sama. Babu taron da bai roƙi jama'a su daina malale tsakar gida da siminti ba, har ta kai in ya miƙe sai a fara duba agogo. Kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa ya fi na maƙwabci, ruwa ya yi ta gangarowa, shi kuwa ya ƙi ɗaga nasa, wai in ya tare shi gidan marayun bayansa zai faɗa. Haka falonsa ya sha ruwa damina bayan damina, Hajiya tana ɗora kujeru kan bulo.

Wallahi mun gaji. Mun gaji da kwasar ruwa da bokiti, mun gaji da taron da ba a tashi da komai sai sa ranar wani taron.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, tana roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ana karɓar gaisuwa a gidan wansa, saboda har yanzu ruwa na kwance a nasa gidan, ramin da ya fara haƙa zuwa filin kwari kuwa ya tsaya a rabi, ga hadari kullum. Hajiya ba ta nemi komai a wurinmu ba sai ta yi takabarta a ɗakinta. Don Allah, duk mai zuwa gaisuwa gobe ya zo da shebur.

Sa hannu:
Mai Kemis na Layin Sama
Kakakin Ƙungiya