Yadda Ka Zama Mace a Aji Uku

Zuwa ga Osman, maigidana, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Nima, iskar teku mai isowa Maamobi bayan la'asar! Kai ne ruwan famfo da ya zo bayan kwana huɗu muna jere da bokitai. Kai ne wutar da ta dawo, unguwa ta ɗauki ihu. Kai ne kuma, tun ranar Talata, shehun Turanci na duk kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wanda ya fi littafi sani. Assalamu alaikum.

Yau kwana uku ba ka ci tuwona ba. Ka shigo ka ce ka ƙoshi, ka fita ba ka dube ni ba. Shi ya sa na sa wannan takarda a ƙarƙashin murfin kular da na aika maka shago, don na san duk inda fushinka ya kai, ba ka mayar da shinkafa da wake. Gidan ya yi mini faɗi, Osman. Ina jin ƙarar babur a lungu sai in leƙa, ashe mai gas ne. Wane irin so ne wannan, da zai sa mace mai 'ya'ya uku leƙen taga kamar budurwa?

Ka tuna wasiƙarka ta farko? A tashar trotro, motocin haya, ta unguwar Madina a nan Accra ka miƙa mini ita, shekarar da na gama sakandare, hannunka duk baƙin mai, kana kallon takalminka. Shafi biyu cur da Turanci, babu aya ko ɗaya, babu waƙafi, ko sunana bai samu babban baƙi ba. Na karanta daga sama har ƙasa, numfashina ya ɗauke, na ce wayyo, wannan shi ne so! Sai daga baya na gane rashin wurin tsayawa ne ya kusa kashe ni. Na ɗauki jan biro na zuba maka aya talatin da bakwai, sannan na ce na yarda. Ido buɗe na aure ka, ya farin watana. Na san Turancinka kamar motar da birkinta ya tsinke yake, na shiga duk da haka, kuma ban taɓa nadama ba.

Amma ni na zaɓa. 'Yarmu Mubarika ba ta zaɓa ba.

Mako biyu kacal na yi a Madina wajen jinyar Inna, na bar maka 'yar shekara takwas da aikin makarantarta. Ta tambaye ka bambancin “he” da “she”. Me zai hana ka ce ta jira uwarta? A'a! Sai ka gyara zama ka ce mata abin ai a fili yake: “she” ɗin Turawa shi ne “shi” namu, daga bakinmu suka ɗauka, don haka na namiji ne, ɗayan kuma na mace. Kai, wannan basira! Ina malaman jami'a suke, su zo Abossey Okai su durƙusa tsakanin tsofaffin injuna?

Aka ba su rubutu a kan iyayensu. 'Yarka ta miƙe gaban aji uku, da alfahari, ta karanta: “My father, she has a big beard.” Mace mai ƙaton gemu, Osman! Kai ke nan, zakina. Yara suka yi ta dariya har da buga tebur, yanzu ko'ina ta bi a lungu sai su ce mata, “Ina Hajiya babanki?” Malamarsu, Madam Shamima, ta gyara mata da jan biro. Maimakon ka gode, ranar Talata ka sa babbar riga ka tafi makaranta ka ce, “Madam, yarona ya iya, ni na koya mishi!” Ko a Hausar ma ka mayar da ita namiji. Da na nuna maka shafin a littafi, sai ka ce na raina ka don na yi sakandare, ka daina cin abincina.

To ka saurara, masoyina, don ba raini ya sa ni rubutu ba. Ranar Litinin za su yi jarrabawar ƙarshen shekara. Madam ta ce in Mubarika ta faɗi Turanci, za ta maimaita aji. Na zaunar da ita sau biyar. Ta koyi aya, ta koyi alamar tambaya, tana sa babban baƙi a sunan Accra. Da mun iso kan kalmomin nan biyu sai ta haɗe rai, hawaye na zuba, ta ce, “Baba ya ce.” Ba ta yarda da ni ba, ba ta yarda da Madam ba, ba ta yarda da littafi ba. A wurinta babanta ba ya kuskure. Ka san nauyin wannan kuwa? Amana ce Allah ya ɗora maka, kuma zai tambaye ka. Uban da ya bar 'yarsa ta faɗi don kada a ce ya yi kuskure, gemunsa bai amfane shi da komai ba.

Ina roƙonka, ya ruwan saman zuciyata, ranar Lahadi bayan la'asar ka zauna da ita a benci, ka ce mata da bakinka, “Na yi kuskure.” Kalma uku ne, ba su kai nauyin giyar mota da kake ɗagawa kullum ba. Na yi maka alkawari ba zan tsaya kusa ba. Zan shiga kicin in daka sakwara da ƙarfi, yadda ko na yi dariya ba za ka ji ba. Ba zan gaya wa yayarka Ruhaina ba, ko da yake ina jin ta riga ta ji a kasuwa.

Ni taka ce, Osman, jiya da yau da abin da ya rage mini. Ka kira ni “he”, ka kira ni “she”, zan amsa maka har ranar da za a ɗauke ni a makara. Amma 'yata ba za ta maimaita aji uku ba.

Matarka mai sonka,
Zuera